Me ya kai barkwanci jami'a?

Amsar tana cikin fannin nazarin al'adu, wanda ya samu gindin zama a Jami'ar Birmingham ta Ingila a 1964, inda Richard Hoggart ya kafa cibiyarsa, daga baya Stuart Hall ya karɓi ragama. Hujjarsu ita ce talabijin da nishaɗin talakawa suna tona yadda iko ke gudana a cikin al'umma.

Masu suka ba su raga wa fannin ba. Masanin fiziya Alan Sokal ya aika wa mujallar Social Text ta wannan fanni maƙalar shirme da gangan, aka kuwa buga ta a 1996, abin ya zama gori.

Sai dai nazarin nishaɗi ba shirme ba ne: mai barkwancin da ke tsayawa shi kaɗai a dandamali da lissafi yake aiki. Yakan shimfiɗa labari, ya kai hankalin 'yan kallo wani gefe, ya ɗan yi shiru, sannan ya saki kalmar da ba a zata ba. Kafin babban taro, sai ya gwada barkwancin a ƙananan wuraren wasa. Hannah Gadsby, a wasan Nanette da Netflix ya fitar a 2018, ta fallasa wannan dabara, sannan ta hana masu sauraro dariyar da suke jira. Irin wannan aiki ya cancanci nazari a jami'a.