Malamar Shawara da Uwar Ɗaki: Wa Ke Sauraron Ɗiyarki a Makaranta?

Yau hirarmu a kan wani ofishi ce da ke cikin makarantun sakandare, wanda da yawanmu ba mu taɓa leƙa shi ba, wasu ma ba su san da zamansa ba. Shi ne ofishin ba da shawara, wanda yaran ke ce wa ofishin gaidans. Uwa ta san shugabar makaranta, ta san wurin biyan kuɗi, ta san malamin da ke bulala. Amma ki tambaye ta wace ce malamar shawara a makarantar ɗiyarta, sai ta yi shiru.

Asalin abin a ƙasar nan daga makarantar 'yan mata ya faro. A shekarar 1959 wasu malamai mata 'yan darikar Katolika a makarantar St. Theresa da ke Ibadan suka ga ɗalibansu za su gama karatu ba su san inda za su nufa ba, sai suka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban su zo su yi wa yaran bayanin aikinsu. Daga baya gwamnati ta ɗauki abin, ta sa shi cikin manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, cewa a riƙa horar da malamai masu ba ɗalibai shawara ana tura su makarantun gaba da firamare. Da aka shigo da tsarin nan na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, sai buƙatar ta ƙara fitowa fili, domin a tsarin akwai mararraba: yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, dole a zaɓa masa hanya.

To, a wannan mararrabar nake so mu ɗan daɗe, don nan ne ake yin asarar da ba a ganinta sai bayan shekara uku. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ko sha biyar za ta shiga babbar sakandare, a ce mata ko ajin kimiyya, ko na ats, ko na kasuwanci. Da me take zaɓa? Sau da yawa da ƙawa. Inda ƙawarta ta nufa nan za ta bi, ko kuwa ta ji an ce malamin lissafi yana da zafi, ta gudu. Ke kuma uwa kina gida kina faɗa wa kowa ɗiyarki nas za ta zama, ko unguwarzoma, tunda kullum kukanmu ke nan mu mata, mu je awo ko haihuwa mu tarar da ma'aikatan mata ba su isa ba. Sai ranar da aka je sayen fom na makarantar koyon aikin jinya a ce ana son kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, kuma a zama ɗaya ko biyu. Yarinyar da ba ta taɓa zama ajin fiziks ba ina za ta samo shi? Haka jarrabawar JAMB, darussa huɗu ake rubutawa, Turanci dole ne, sauran ukun kuma sai sun dace da abin da za a karanta. Yaro ya ci maki mai kyau amma ya haɗa darussan da ba su dace ba, gurbin ya wuce shi. Aikin farko na malamar shawara ke nan: ta duba sakamakon yarinya tun daga aji ɗaya, ta ji abin da ranta ke so, ta gaya mata gaskiyar abin da kowace hanya ke buƙata, tun hanyar ba ta rufe ba.

Kuma yanzu ba kamar da ba, wuraren zuwa suna kusa. Akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu ga mai son koyarwa, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi, akwai jami'ar jiha a Aliero da aka kafa a 2006, ga jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi da ta zo a 2013. Uban da ke cewa ba zai bar ɗiyarsa ta tafi uwa duniya ba, yau ana iya nuna masa makarantar da za ta je ta dawo ta kwana ɗakin uwarta. Amma sai an sami wanda ya san wannan ya faɗa masa.

Aiki na biyu ya fi na farko nauyi. Shi ne sauraro. Yarinya tana cikin na ɗaya zuwa na biyar a ajinta, kwatsam sai ta koma ta talatin. Malamin aji zai ce lalaci ne. Ita malamar shawara an koya mata ta tambayi dalili. Wata al'ada ta fara, ba ta da abin tsare kanta, bayan gidan makaranta ba ruwa ba ƙofa, sai ta riƙa fashin kwana uku ko huɗu duk wata. Ki lissafa wannan a zango ɗaya ki gani. Wata talla take fita da asuba, ta iso aji idonta na rufewa. Wata iyayenta sun rabu, tana hannun kishiyar uwa. Wata babbar ɗaliba ce ta sa ta gaba a ɗakin kwana. Wata kuwa, Allah Ya kiyashe mu, namiji ne babba ya matsa mata, kunya da tsoro sun ɗaure mata baki. A ƙa'idar aikin, abin da ɗaliba ta faɗa a wannan ofishi sirri ne, ba a kai shi ɗakin malamai a yi hira da shi. Inda kawai ake buɗe shi shi ne idan akwai haɗari ga ranta ko mutuncinta, nan kam dole a nemi iyaye da hukuma. Ina roƙon iyaye mata, kada ki ji haushi don ɗiyarki ta gaya wa malama abin da ba ta gaya miki ba. Mu Hausawa mun gina kunya tsakanin uwa da ɗiya, balle 'yar fari. Mu muka gina ta, to sai mu bar wa yarinyar wata ƙofa.

Akwai kuma tsoro, wanda mu a Kebbi ba labari aka ba mu ba. Tun ranar 17 ga Yuni 2021 da 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, sannan aka sake ganin irinsa a makarantar 'yan mata ta Maga a Nuwamban 2025, akwai yaran da ko ƙarar babur suka ji da dare sai barci ya ƙaurace musu, ko da kuwa makarantarsu na nesa da inda abin ya faru. Yaro mai firgici ba ya riƙe karatu. Addu'a muna yi, kuma ita ce gaba, amma yaron yana buƙatar babba da zai zauna ya ji shi ba tare da ya ce masa rago ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, a makarantu da yawa sunan ofishin ne kawai. Malamin da aka ba aikin shi ne kuma ke koyar da darasi a azuzuwa biyar ko shida, wani wurin ko ɗaki ba a ba shi ba, wani wurin namiji ne a makarantar 'yan mata zalla. Mutum ɗaya ba zai saurari ɗaruruwan yara ba. Nan ne maganar 'yan sa kai ta shigo.

Wasu na ɗauka baƙon abu ne daga Turai. Mu kuwa ƙasar Sakkwato da Gwandu muna da shi tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ita ta tsara 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙaminta. Jaji ta taso da ayarin mata daga ƙauyensu, yawanci tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin da Nana ta tsara don sauƙin haddacewa, su koma su koyar da matan aure da ba su iya fitowa ba. Ba albashi a ciki. Abin da ya riƙe tsarin shi ne an san jaji, an yarda da ita, kuma ba ta yanke zuwa ba. Ko a al'adarmu ta yau da kullum muna da uwar ɗaki, babbar mace da ƙaramar yarinya ke raɓa, ta ga yadda take tafiyar da rayuwarta, ta kai mata kukan da ba za ta kai gida ba.

A wannan zamani an sabunta abin. A Zariya akwai cibiyar ilimin 'ya'ya mata da ta daɗe tana tara 'yan matan ƙauyuka rukuni-rukuni a wani gida da iyaye suka amince da shi, wata mace da ta yi karatu ta zauna da su, ta ƙarfafa musu karatu da lissafi, su tattauna lafiya da sana'a da yadda yarinya za ta yi magana da iyayenta cikin ladabi a kan abin da take so. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na dala miliyan 500, Kebbi tana cikin jihohi bakwai na farko, tare da Kano, Katsina, Kaduna, Borno, Filato da Ekiti. Ban da gina azuzuwa da tallafin kuɗi ga iyaye, shirin ya ƙunshi irin wannan zama na 'yan mata da jagora mace. Abu ne mai kyau. Damuwata ɗaya ce: duk abin da aka ɗora a kan alawus, ranar da alawus ya tsaya shi ma yakan tsaya. 'Yan Taru kuwa sun wuce shekara ɗari bayan rasuwar Nana ana jin ɗuriyarsu.

Saboda haka nake duban unguwa kamar Nasarawa. Malamai mata nawa ne suka yi ritaya suna zaune a gida? Ma'aikatan jinya nawa, ɗaliban jami'a nawa da ke dawowa hutu? Mace ɗaya ta ɗauki yara biyar ko shida na maƙwabta, rana ɗaya a mako bayan la'asar, ta duba littattafansu, ta tambayi abin da ya gagare su, ta karɓi katin sakamako ta karanta wa uwar da ba ta yi boko ba. Ba sai an yi rajista ko an ɗinka anko ba. Amma a fara da sallama: a nemi izinin uban yara, mai unguwa ya sani, a gaya wa shugabar makaranta ko kwamitin iyaye da al'umma da ke kula da makarantar, wanda ake kira SBMC, domin in matsala ta fi ƙarfin uwar ɗaki ta san inda za ta miƙa ta. Ita uwar ɗaki ba likita ba ce, ba alƙali ba ce.

Kuma ba kowace mai son yi ce ta dace ba, wannan sai mun faɗa wa juna. Wadda maganar da ta shiga kunnenta da safe take isa gidan biki da yamma, ta yi haƙuri. Wadda za ta mai da yaran 'yan aike da wanke-wanke, ko ta fara yi wa ƙanenta kamun mata a cikinsu, ita ma ta yi haƙuri. Wadda za ta zo sau biyu ta ɓace, gara ba ta fara ba, don yarinyar da ta buɗe cikinta aka watsar da ita da wuya ta sake buɗe wa wani.

Maza ma ba a bar su a baya ba. Lokacin aikin shinkafa a fadama, ko lokacin su a wajen Argungu, yaro kan bar aji makonni, ya dawo karatu ya wuce shi, kunya ta hana shi tambaya, daga nan sai zaman majalisa. Ku yi wa mazajenku da ƙannenku maganar, su ma su ɗauki nasu.

Ke kuma uwa, in an koma hutun nan, ki shirya ki je makarantar da kanki, ko ki tura yayarta. Ki tambayi sunan mai ba da shawara da ranar da ake samunta. In ɗiyarki tana aji uku na ƙaramar sakandare, ki ce a nuna miki makinta na lissafi da kimiyya na shekara ukun, a gaya miki ajin da ake shirin sa ta da dalili. In aka ce babu mai wannan aiki a makarantar, ki kai maganar taron iyaye da malamai, a rubuta ta cikin abin da aka tattauna.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake karanta katin sakamakon yaro, layi-layi.