Daga Kasuwar Sandaga Zuwa Cikin Ido



Can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira retina. Shi ne ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa, sannan mu gani. Idan ya kumbura, gani kan dushe, mutum ya riƙa ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna yawo kamar ƙudaje, sau da yawa ba tare da zafi ba.

Cikin manyan masu haddasa wannan kumburi akwai ƙwayar cuta mai suna toksoplasma, wadda aka gano a Tunis a 1908. Tana fitowa daga kashin kyanwa ta shiga ƙasa da ruwa. To, salati da karas da kabejin da muke saya a Sandaga, daga gona suke, suna iya ɗauko ta. Haka ma tsiren da bai gasu sosai ba.

Bayan kumburin ya lafa, yakan bar tabo. In tabon ya faɗa tsakiyar retina, karatun allo ma sai ya gagara, kuma tabarau ba ya gyara shi. Ciwon na iya dawowa, ya jawo yana ko hawan jinin ido. Mai ciki in ta kamu, tana iya sa wa jaririnta.

Saboda haka a wanke ganye da ruwa mai tsabta, a dafa nama ya nuna, a wanke hannu. Wanda ya ga ɗigon nan, kada ya tsaya ɗiga maganin kasuwa, ya garzaya wurin likitan ido, kamar na asibitin Laquintinie.

Allah ya tsare mana ganinmu, amin.