Saitin Wutar Inji: Gargaɗi Ga Masu Tsofaffin Akori-Kura

Duk wanda ya san Idi-Araba da Agege ya san har yanzu akwai ragowar tsofaffin akori-kura, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975, da Toyota Hilux masu kafireta, suna jigilar albasa da tumatir daga kasuwar Mile 12. Kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babu kukan da masu su suka fi yi kamar na shan mai, alhali sau da yawa sababin yana ga saitin wuta, abin da kanikawa ke kira tayimin.

Asalin al'amarin shi ne, wajibi ne fulogi ya ba da tartsatsi gab da fistin ya kai ƙololuwarsa, domin mai da iska su sami zarafin kamawa kafin ya juyo ƙasa. Idan wutar ta yi gaggawa, sai a ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani, musamman in an yi lodi ana hawan gada, wanda kuwa ya daure wa wannan ƙara, wata rana sai an sauke masa inji an tarar fistin ya lalace. Idan kuma ta yi jinkiri, mota ta rasa ƙarfi, lagireto ya yi ta tafasa a cikin cunkoson Oshodi, mai ya ƙone a banza, wanda hakan almubazzaranci ne ko da mai shi bai sani ba.

Inda illar take, galibin kanikawan bakin titi da kunne suke saiti. Bakanike zai sassauta ƙusar distiributa, ya riƙa murɗa ta sannu a hankali har inji ya ɗaga murya, ya ɗaure, ya ce, “Alhaji, ta zauna.” Ba a raina ƙwarewarsa ba, akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, amma injin da ke tsaye ba kaya yakan fi daɗin sauti in wutar ta zarce ƙa'ida, saboda haka shaidar kunne a gareji ba hujja ba ce a kan abin da zai faru bisa hanya da buhu ashirin a baya.

Tartibin da ya dace kuwa, a fara da gyara tazarar kontak, wadda a yawancin waɗannan injina ba ta nisa da milimita 0.4, domin duk sauyin da aka yi mata yana gusar da tayimin. Sa'an nan a bar inji ya yi ɗumi, a goge alamar da ke jikin fuli a shafa mata alli, a cire tiyon iska na distiributa a toshe shi in littafin motar ya ce haka, a maƙala fitilar saiti a wayar fulogi na ɗaya, a murɗa har alamar ta tsaya daidai digirin da masu ƙirar suka ƙayyade, wanda ya bambanta daga inji zuwa inji. Bayan an ɗaure ƙusar a sake haskawa, don ɗaurin kansa yakan gusar da ita.

Mai mota kuma, in zai leƙa, ya naɗe hannun rigarsa ko ya tuɓe babbar riga tukuna, gama fanka da bel ba sa jiran kowa, kada kuma ya kama wayar fulogi da hannu inji na aiki, ko ya yarda a yi gwajin tartsatsi kusa da kafireta mai yoyon fetur.