Yadda Ake Barin Maganin Ciwon Damuwa Ba Tare da Jiki Ya Wahala Ba

Magungunan ciwon damuwa, irin su amitriptyline da fluoxetine da sertraline da paroxetine da venlafaxine, suna aiki ne ta hanyar ƙara yawan sinadaran da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, musamman sirotonin. Idan mutum ya ɗauki watanni yana sha, ƙwaƙwalwa takan saba. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, sai ta rasa abin da ta jingina da shi, kuma kafin ta sake daidaituwa mutum yakan ji a jikinsa.

Alamomin sukan fara kwana biyu zuwa huɗu bayan an daina ko an rage. Akwai jiri da tashin zuciya da zufa da ciwon gaɓoɓi kamar na mura, akwai rashin barci da munanan mafarkai, ga saurin fushi da kuka ba dalili. Wadda ta fi firgita mutane ita ce wata irin fizga a cikin kai, kamar lantarki ya ja mutum, galibi idan ya juya ido. A ƙasar Hausa abu irin wannan ba ya daɗewa kafin a ce iska ce ko sammu, alhali likitoci sun san shi sarai, kuma yana wucewa.

Magungunan ba ɗaya suke ba. Venlafaxine, rabinsa kan fice daga jini cikin kamar sa'a biyar, paroxetine kuma cikin kwana guda, shi ya sa su biyun suka fi wuyar bari. Wanda ya tsallake shan kwana ɗaya ma yana iya fara jin jiri. Fluoxetine kuwa yakan yi makonni yana raguwa a jiki da kansa, don haka barinsa ya fi sauƙi.

Masana ba su haɗu a kan yawan masu fuskantar wannan matsala ba. Wani nazari na James Davies da John Read a 2019 ya ce sun kai kashi 56 cikin 100. Wani kuma da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2024 ya ce kimanin kashi 15 ne, waɗanda abin ke tsananta musu kuma kashi 3. Duk da haka, tun 2019 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye maganarta ta da cewa alamomin masu sauƙi ne da ke gushewa cikin mako guda, ta amince cewa ga wasu suna da tsanani kuma suna iya ɗaukar watanni.

Wannan matsala ba irin jarabar tiramol ko kodin ba ce. Mai shan maganin damuwa ba ya maye, ba ya ƙishirwarsa, ba ya ƙara yawansa don jin daɗi. Sannan ba kowace wahala bayan bari ce dawowar cutar ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Alamomin bari suna zuwa da sauri, tare da abubuwan da mutum bai taɓa ji ba ko lokacin da yake ciwon, kamar jirin da fizgar nan, kuma sukan lafa cikin 'yan kwanaki idan an koma kan maganin. Ita kuwa cutar a hankali take lallaɓowa, bayan makonni ko watanni, da kamanninta na da: rashin sha'awar komai, yanke ƙauna, ƙin shiga mutane.

Yayen yaro a al'ada rana ɗaya ake yinsa, a kai shi gidan kaka ya yi kukansa ya gama. Maganin damuwa ba ya ɗaukar irin wannan yaye. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, sannan a zauna da likita a tsara ragewa mataki-mataki, a bar makonni tsakanin wannan ragi da wancan. Wanda ya yi shekaru yana sha yana iya buƙatar watanni da yawa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ƙarshen hanyar ya fi farkonta wuya. Mark Horowitz da David Taylor sun nuna a 2019 cewa ƙaramin awo na maganin yana da ƙarfin da ya wuce yadda ake zato. Miligiram 20 na citalopram, wanda shi ma maganin damuwa ne, yana kama kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da yake aiki a ƙwaƙwalwa, miligiram 5 kuwa yana kama kusan kashi 60. Ke nan saukowa daga 20 zuwa 5 bai kai faɗowa daga 5 zuwa babu girma ba. Saboda haka duk yadda aka yi ƙasa, ragin ya kamata ya ƙara ƙanƙanta, ko da za a riƙa raba ƙwaya ko a koma na ruwa. Sai dai ƙwayar da aka ƙera don ta narke sannu a ciki ba a daka ta, kuma dabarar sha yau a tsallake gobe ba ta dace da magungunan da ke saurin fita daga jini ba.

Idan alamomin suka yi nauyi, a koma awon baya da jiki ya jure, a dakata, sannan a sake ragewa kaɗan. Barci kan lokaci da tafiyar ƙafa suna taimakawa, haka ma sanar da iyali don kada su ɗauki fushin a matsayin sabon hali. Mai jiri ya bar tuƙin mota da babur. Neman sauƙi da tiramol kuskure ne babba, domin shi ma yana ɗaga sirotonin, kuma haɗa shi da waɗannan magunguna na iya jawo jijjiga.

Da yawa ba da niyya suke dainawa ba: kuɗi ne ya ƙare, ko tafiya ta kama, ko azumi ya zo. Mai azumi ya tambayi likita yadda zai mayar da lokacin sha zuwa sahur ko buɗa-baki. Mai juna biyu kada ta yanke da kanta.

Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ko ya kasa zaune ya kasa tsaye saboda wata azalzala a jiki, a kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni.