Dabbobin Gida a Makon Sallah: Misali daga Unguwar Gudel

Gudel tana bakin Kogin Isa, a yammacin birnin Yamai. Tana cikin tsoffin ƙauyukan Zabarmawa da suke zaune a wurin tun kafin Turawan Faransa su mayar da Yamai babban birnin Nijar a 1926. Birni ya yi ta faɗaɗa har ya haɗiye ta. A nan tashar tace ruwan da ke shayar da yawancin Yamai take, nan kuma ƙafar gada ta uku, Gadar Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021, ta sauka. Duk da haka ɗabi'ar ƙauye ba ta bar unguwar ba. A layi guda za ka ga tsohon gidan ƙasa mai turken tumaki da akurkin kaji da ɗakin tantabaru, ga mage kwance a gindin randa, kusa da shi kuma sabon gida mai doguwar katanga da karen gadi.

Wannan cakuɗuwa ce ta sa Gudel ta dace da bayanin da wannan rubutu zai yi. A makon Babbar Sallah rayuwar waɗannan dabbobi tana birkicewa gaba ɗaya. Baƙon rago ya shigo gida, an hura wuta a titi, jini da kayan ciki sun yawaita, yara suna shiga suna fita, ƙofa a buɗe. Rago yana samun kulawar da ta wuce kima har ta cutar da shi, kare da mage da jaki kuwa an manta da su. Lafiyarsu kuma a ɗaure take da ta mutanen gidan.

Baƙon rago

Yawancin magidanta a Yamai suna sayen ragon layya sati ɗaya ko biyu kafin sallah, a kasuwar Turaku ko ta Lazare, ko a hannun masu yawo da su unguwa-unguwa. Balami ne ko uda ko ara-ara, ragon nan ya sha tafiya a mota, ya cuɗanya da ɗaruruwan dabbobi daga wurare daban-daban, ga gajiya ga ƙishirwa. A irin wannan hali cuta ta fi saurin kama shi.

Abu na farko shi ne a kafa masa turke daban, nesa da tumaki da awakin gida, da nasa kwanon ruwa. Babban dalili shi ne annobar tumaki da awaki da likitocin dabbobi ke kira PPR, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942. Takan ɗauki kwana 4 zuwa 6 a jikin dabba kafin ta bayyana, don haka rago yana iya zama garau a kasuwa alhali yana ɗauke da ita. Alamunta su ne zazzaɓi, majina, kwantsa a ido, gyambo a baki da zawo. Ba ta kama mutum, amma tana iya share mafi yawan garken da ba a yi wa rigakafi ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da takwararta ta lafiyar dabbobi sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita, kuma Nijar tana yin kamfen ɗin allurar dabbobi duk shekara. Mai akuya biyu a tsakar gida shi ma yana da haƙƙin ya kai nasa.

Abu na biyu shi ne ci. Raguna da yawa suna mutuwa a jajibirin sallah saboda ƙoshi. Tumbin rago cike yake da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma sun saba da abin da ya saba ci. Idan aka tula masa gero ko masara ko ragowar tuwo da shinkafa a rana ɗaya, abincin yakan yi tsami a cikin tumbin. Kafin kwana ɗaya ko biyu sai ka ga ya daina tuƙa, cikinsa ya kumbura ta hagu, yana cizon haƙora, yana zawo mai wari, daga nan ya kwanta. Tumbi yana buƙatar kamar sati biyu kafin ya saba da sabon abinci. Saboda haka a tambayi mai sayarwa abin da yake ba shi, a ci gaba da wannan. Harawa da busasshiyar ciyawa su ne tushe, dusa da hatsi kuwa a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. 'Yar kanwar da makiyaya ke jefawa a ruwa tana rage tsamin ciki, amma idan rago ya riga ya kwanta, likitan dabbobi ake nema.

Sai leda. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigowa da sayar da siririyar leda, amma har yau baƙar leda tana ko'ina a titunan Yamai. Dabba tana haɗiye ta saboda ƙanshin abincin da aka ƙulla a ciki, ba ta kuma narkewa. Mahauta sun san dunƙulen leda da igiya da suke cirowa daga tumbi. A share wurin turke kullum, kuma kada a saki rago ya yi kiwo a juji.

Akwai kuma masu yi wa rago allurar kashe ƙwayoyin cuta ko ta tsutsar ciki ana saura kwana biyu a yanka. Irin waɗannan magunguna suna daɗewa a cikin nama, wasu sati uku ko fiye, kuma an rubuta wa'adin a jikin kwalbar. Wanda ya yanka kafin wa'adi ya cika, iyalinsa ne za su ci ragowar maganin.

Sallah tana shiga bazara

Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11, shi ya sa sallah take matsowa baya kowace shekara. Babbar Sallar 2023 ta zo a ƙarshen Yuni, ta 2025 a farkon Yuni, ta 2026 ƙarshen Mayu, kuma kafin 2030 za ta kai Afrilu. A Yamai Afrilu da Mayu su ne watannin da zafi ke wuce digiri 40, wani lokaci ya kusa 45. Layyar shekaru masu zuwa a tsakiyar bazara za a yi ta.

Ragon da aka ɗaure a jikin katanga da safe yana cikin inuwa, amma kafin azahar inuwar ta juya ta bar shi a rana, igiya kuma ba ta kai shi inda ta koma ba. A duba turke da hantsi, a sake dubawa da azahar. A irin wannan zafi babban rago yana shan lita 5 ko fiye a yini, kuma ruwan da ya yini a rana cikin kwanon ƙarfe ba ya shayuwa. Kare ya fi shiga haɗari, domin ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Idan zafin jikinsa ya haura digiri 41, ransa yana cikin hatsari. Karen gida da siririn karen Azawak na Buzaye sun fi juriya, karnukan Turai masu yawan gashi da ake ajiyewa a manyan gidaje kuwa da wuri suke galabaita. Wanda ya ga karensa yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana dalala, yana tangaɗi, ya kai shi inuwa, ya jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai sanyi, sannan ya nemi likita.

Jaki ma yana da rabo a wannan magana. Itacen gashin da ake jibgewa a ƙofar gidaje, da yawansa a amalanken jaki yake zuwa. A rage masa kaya da tsakar rana, a shayar da shi, a sa tsumma a inda igiya ke cin fatarsa.

Ranar yanka

Mutanen Yamai suna da tasu al'adar gashi. Bayan an feɗe rago, akan baje shi a kan sanduna biyu da aka gicciye, a jera raguna kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su yini suna gasuwa a hankali, sai washegari a shiga rabo. Tun daga hantsi har dare titi cike yake da garwashi, wuƙaƙe da ƙanshin kitse. A wannan yini ya kamata a tsare kare a wuri mai inuwa da ruwa, a rufe kaji. Toka takan yi fari a sama alhali ƙasanta wuta ce, don haka a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a watse.

Babban kuskuren ranar shi ne jefa wa kare abin da mutum ya ƙi. Mai fiɗa yakan ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a jikin hanta ko huhu, sai ya yanke wurin ya wurga wa kare. Waɗannan ƙulle-ƙullen 'ya'yan wata ƙaramar tsila ce. A hanjin kare take girma, ƙwanta ya fita a kashinsa, ya hau ciyawa da ganyen lambu da hannun yaron da ya shafa karen. Idan ya shiga cikin mutum, sai ya gina irin wannan jakar ruwa a hantarsa ko huhunsa, shekaru suna tafiya tana girma, sau da yawa sai an yi tiyata. Wata tsilar kuma ta ɗanyar ƙwaƙwalwar rago take shiga kare, ta dawo kan tumaki ta sa su juyi a wuri ɗaya. A unguwa irin Gudel, inda lambuna ke bakin kogi kuma karnuka suna zagaya su, wannan zagaye ba shi da wuyar cika. Maganinsa rami ne mai zurfi: duk abin da ba za a ci ba a binne shi ko a ƙone. Zuba shi a kwata ko a kogin da gari ke sha zalunci ne ga maƙwabta.

Dafaffen ƙashi ko gasasshe yakan tsage ya yi tsini, ya maƙale a maƙogwaron kare ko ya huda hanjinsa. Kitse mai yawa a lokaci ɗaya yana jawo masa amai da ciwon ciki mai tsanani. Albasa da tafarnuwa, waɗanda ba a raba romon sallah da su, suna lalata jinin kare da mage. Tsokar nama dafaffiya marar yaji ta ishe su. Idan mage ta yi rashin lafiya, kada a kuskura a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Shi ma mai yanka ya kula da kansa. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Cintabaraden na jihar Tawa, ya kashe mutane da dama, galibinsu makiyaya, kuma ta jini da naman dabba mai ciwo ya fi shiga jikin mutum. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa, kada a murje kaska da yatsa, dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya kuma kada a buɗe cikinta.

Yara, ƙara da haukan kare

Da yamma yara kan fita yawon barka da sallah gida-gida. Karen da ya yini cikin hayaniya, ko yake tsaron ƙashin da ya samu, yana iya cizon yaron da bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Amma akwai rigakafi tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara gwada allurarsa a Faransa. Wanda kare ko mage ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, ko da ranar sallah ce. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. A tsare dabbar a sa mata ido kwana 10 zuwa 15. Shi kuma kare ana fara yi masa allura yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan yanke a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya, wannan aiki ne na watannin da suka gabaci sallah.

Bukukuwan ƙarshen shekara suna da nasu matsalolin. A daren Kirsimeti da na sabuwar shekara yara kan yi wasa da abubuwan fashewa, kuma kare yana jin sautin da kunnen mutum ba ya kaiwa gare shi. Firgita takan sa ya tsinke igiya ya faɗa titi. A shigar da shi ciki tun kafin magariba. Lokacin kuma hunturu ne, sa'ar da annobar kaji ta Newcastle ta fi yaɗuwa, ga kaji da zabi suna ta shigowa daga kasuwa don girkin biki. Kazar da aka sayo don yanka kada ta kwana a akurki ɗaya da na gida.

Malamai sun bayyana cewa ba a layya da dabba mai bayyanannen ciwo, ko gurguwa, ko mai ido ɗaya, ko ramammiya, sun kuma yi umarni a wasa wuƙa sosai, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata tana kallo. Hadisai sun zo da labarin matar da aka azabtar saboda ta kulle mage har ta mutu da yunwa, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin dabba yana kan wanda ya ajiye ta, ranar biki da sauran ranaku. Mai karatu, idan watan Zulƙida ya kama, ka duba takardar allurar karenka da ta awakinka, ka tanadi harawa da inuwa, ka haƙa ramin binne ƙazanta, ka kuma sa mutum ɗaya a gidan wanda ruwan dabbobi zai zama aikinsa har sallah ta wuce.