Rufin ɗaki da rufin asiri: Aikin da ke jiran ɗaliban Kaduna bayan an kashe kyamara

Duk wanda ya taɓa bi ta gaban Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki dab da magariba a watan azumi, ya san yadda wurin ke cika. Ga masu dabino da kankana, ga 'yan agaji na ba da hannu, ga kuma matasa ɗauke da kuloli suna raba kunu da ƙosai. Da yawa daga cikin matasan nan ɗalibai ne, wasu daga Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, wasu daga Kadpoly. Kafin a idar da tarawihi hotunansu sun cika Facebook da TikTok, ana ta zuba musu "Allah Ya saka da alheri".

Amin. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: ana ganin watan Sallah, yawancinmu sai ɗif. Ita kuwa yunwa ba ruwanta da ganin wata.

Inda abin ke ciwo

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, tukunyar talaka ba ta koma daidai ba. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A watan Agustan shekarar aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, har ta kai ga sa dokar hana fita ta awa 24 a cikin garin Kaduna. Lokacin da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a kasuwanni da yawa kuɗin ba su isa buhun shinkafa ba. Daga baya hatsi ya ɗan sauko, amma kuɗin haya shi bai san hanyar dawowa ba.

A Kaduna haya ta shekara ake biya, a dunƙule, ga la'adar dillali a kai. Ga damina kuma. Kusan duk shekara, tsakanin Agusta da Satumba, idan Kogin Kaduna ya tumbatsa, sunayen da ake ji a labarai ba sa canjawa: Kigo Road, Rafin Guza, Kabala Costain, Bashama Road a Tudun Wada. A gefe guda, unguwanni irin su Rigasa da Mando sun karɓi iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Birnin Gwari da Giwa da Igabi. Wani ya raɓe a gidan ɗan'uwa, wata tana kangon da ba ƙofa ita da 'ya'yanta. Ga irin waɗannan, abinci da wurin kwana matsala ɗaya ce: in an biya haya ba a ɗora tukunya, in an ɗora tukunya sai a fara ɓuya wa mai gida.

Ranar da muka sha kunya

Ni ma na yi irin wannan aikin lokacin ina ɗalibi, kuma ba zan manta da rabonmu na farko ba. Mun tara kuɗi a guruf ɗin WhatsApp, muka sayi shinkafa da taliya, muka ƙulla a leda. Sai wani cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya sa wuri da lokaci a status. Kafin mu iso, layin ya cika maƙil. Aka fara turereniya, wata tsohuwa ta faɗi, ledoji suka fashe, ƙarti suka kwashe rabin kayan. Allah Ya taƙaita, ba wanda ya ji mummunan rauni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, zawarawan da muka yi abin dominsu ko ɗaya ba ta zo ba. Kunya ta hana su fitowa a ɗauke su hoto.

Kada ku ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Maris na 2024 ɗalibai sun rasa rayukansu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen turmutsutsun rabon shinkafa. A watan Disambar shekarar, cikin mako guda, aka yi irinsa a Ibadan, inda yara 35 suka mutu, sannan a Okija ta Jihar Anambra da kuma Maitama a Abuja. Duk masu shirya tarukan nan taimako suka ce za su yi.

Mu dai bayan mun sha kunya, wajen mai unguwa muka nufa. Shi ya haɗa mu da wata malamar Islamiyyar matan aure. Ta ɗauko wani tsohon littafi da bangonsa ya yage: ga sunan kowane gida, ga adadin marayu, ga wadda mijinta ke kwance, ga wadda wa'adin hayarta ya kusa. A zagaye na biyu bayan isha'i muka fita, mutum bibbiyu, gida-gida. Ba layi, ba hayaniya, ba wanda ya san me aka kai wa maƙwabcinsa.

Kowa da abin da ke hannunsa

Darasin ke nan: Kaduna ba ta rasa ƙungiyoyi ba, tun kafin a haife mu suna nan. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962, hedikwatarta na nan kan titin Ali Akilu. Izala na da kwamitocin marayu. FOMWAN ta mata Musulmi tun 1985 take aiki. Ga Red Cross, ga zumuntar mata a coci-coci, ga ƙananan ƙungiyoyin ci gaban unguwa da ko shafin Facebook ba su da shi. Abin da suka fi mu shi ne sanin mutane da amanar jama'a. Sun san wanda ke cikin hali ya yi shiru, sun san wanda ke karɓa sau uku da suna uku.

Mu kuma muna da abin da su ke nema: ƙafa, waya, lokacin hutu, da ilimin da muke karantawa. Ɗalibin kwamfuta zai iya mayar da littafin malamar nan jadawali, don kada ruwa ya jiƙa shi a yi asara. Ɗalibar akanta za ta riƙe lissafi. 'Yan aikin jinya da masu karatun abinci mai gina jiki za su iya koya wa iyaye mata amfani da ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani, ba maganar ledar shinkafa ba ce, asibiti za a nufa. Za su kuma iya nuna yadda ake haɗa garin kunu da gero da waken soya da gyaɗa, kayan da ke nan birjik a Kasuwar Kawo.

Ɓangaren muhalli ma haka. Ba wanda ya ce ɗalibi ya gina wa wani gida. Amma sau da yawa abin da ke tsakanin iyali da kwanan zaune shi ne fallen kwano huɗu, kusoshi, da buhun siminti. Ɗalibin fannin gini zai duba katanga ya gane ko za ta kai ƙarshen damina. Samari goma da shebur za su yashe kwalbati tun a watan Mayu, kafin ruwa ya kankama. Mai karatun lauya zai sanar da 'yar haya cewa, in ba wata yarjejeniya aka rubuta daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata shida doka ta tanadar masa, ba a watso masa kaya waje rana tsaka. Wani lokacin ma abin da ake buƙata kawai dattijon da zai roƙi mai gida ya karɓi kuɗinsa kashi-kashi. Kakanninmu gayya suke kiran wannan.

To, hoton fa?

Na san abin da wasu za su ce: in ba a sa hoto ba, wa zai yarda ya turo kuɗi? Maganarku dutse. An sha damfarar mutane da sunan marayu, dole mai bayarwa ya nemi shaida. Amma shaida daban, tallar talaucin mutum daban. A ɗauki buhunan, a ɗauki rasit, a ɗauki rufin da aka gyara. Fuskar baiwar Allah kuma a bar mata abinta. 'Yarta na makaranta, kuma ƙawayenta na TikTok. Kuɗi kuma su riƙa shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, ba asusun shugaba ba, a riƙa fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita duk ƙarshen wata.

Sannan mu waiwaya cikinmu. Akwai ɗan ajinku da ke kan tsarin 0-0-1, ba kari, ba na rana, sai na dare. Akwai mai kwana a masallacin makaranta saboda kuɗin ɗaki ya gagara. Ba zai taɓa faɗa ba. A raka shi ya cike neman bashin karatu na NELFUND, a riƙa kiransa in an sauke tukunya, ba tare da an mayar da shi labari ba.

Abu na ƙarshe da ya sa jingina da ƙungiyar unguwa ya zama dole: ɗalibi baƙo ne. Shekara biyu ko huɗu, ya tafi bautar ƙasa, guruf ya mutu. Malamar nan kuwa tana nan da littafinta. In kun tafi, ku miƙa wa 'yan ƙasa da ku lambarta.

Saboda haka kada ku jira azumi. Wannan Asabar ɗin, ku samu mutum biyar, ku je ku gaida mai unguwarku, ku tambaye shi wace ƙungiya ce ke aiki a layin, kuma me ta rasa. Ku bar wayar a aljihu har ku fito.