Yadda Ake Saita Manhajar Lissafi Domin Kiyaye Rajistar Jama'a: Bayani Ga Ma'aikata Da Al'ummar Kalgo Da Gwandu

Kamar yadda jama'a suka sani, yawancin rajistar da a da ake rubutawa da alƙalami cikin manyan littattafai yanzu ta koma cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta. Jerin manoman da za su karɓi takin zamani, da takardar albashin ma'aikata, da ƙididdigar yaran da aka yi wa allurar rigakafi, da lissafin kuɗin shiga na kasuwanni, duk ana shirya su ne a cikin manhajar lissafi, musamman wadda ake kira Excel. Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, manoman wannan jiha suka saba da a tambaye su lambar waya da ta asusun banki da ta BVN kafin a sa sunansu cikin jeri.

Kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ne ya fitar da Excel a shekarar 1985, kuma sau da yawa kwamfutocin da ke zuwa ofisoshinmu suna ɗauke da saitin waccan ƙasa. Idan ba a gyara wannan saiti ba, na'urar takan sauya abin da akawu ya rubuta ba tare da ta sanar da shi ba, kuma wanda abin zai shafa shi ne manomi ko ma'aikacin da ke cikin jerin. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu kawo wannan bayani ga akawuna, da ma'aikatan sashen kuɗi, da malaman gona, da magatakardan uwayen ƙasa, har ma da sauran jama'ar karkara.

Sifirin da ke ɓacewa

Lambar wayar hannu a Najeriya tana da alƙaluma 11, kuma da sifiri take farawa. Lambar asusun banki tana da alƙaluma 10, da yawa daga cikinsu su ma da sifiri suke farawa. Ita kuwa manhajar tana ɗaukar duk abin da aka rubuta da alƙaluma a matsayin adadin lissafi, kuma a lissafi sifirin farko ba shi da amfani, saboda haka sai ta jefar da shi. Asusun da ke da alƙaluma 10 sai ya koma 9 ko 8, banki ya kasa tura kuɗi, manomin Diggi ko na Zuguru ya yi ta zirga-zirga zuwa sakatariya bai san inda matsalar take ba. Haka kuma idan aka rubuta lambar waya da 234 a gabanta, ta kai alƙaluma 13, sai na'urar ta taƙaita ta, ta nuna wani abu mai kama da 2.34803E+12. Duk lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, waɗanda suka biyo baya sifiri take mayar da su, kuma ba a iya dawo da su.

Maganin wannan shi ne, kafin a rubuta ko da suna ɗaya, a zaɓi dukkan layin tsaye da za a zuba lambobin a ciki, a shiga Format Cells, a zaɓi Text. Daga nan na'urar za ta riƙa ɗaukar lambar kamar suna, ta bar ta yadda aka rubuta. A lura, wannan gyara ba ya dawo da sifirin da ya riga ya faɗi. Dole a yi shi tun farko. A shekarar 2023 kamfanin ya ƙara wani saiti a sababbin samfuran manhajar, a ƙarƙashin File, Options, sannan Data, inda ake iya hana ta cire sifirin farko baki ɗaya.

Rana da wata

Mu a nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. A Amurka wata ne ke zuwa farko. Idan akawu ya rubuta 03/11/1966 yana nufin 3 ga Nuwamba, kwamfutar da ke kan saitin Amurka 11 ga Maris za ta fahimta. Tun da ƙa'idar aikin gwamnati ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, wannan kuskure na iya tura mutum gida kusan wata takwas kafin lokacinsa, ya kuma rikita lissafin fanshonsa.

Ana gyara wannan ne a cikin saitin Windows, a sashen Region, inda za a zaɓi Najeriya, a tabbatar rana ce ke gaban wata. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a rubuta 25/12/2024 a wani gurbi da ba a taɓa ba. Idan ta koma gefen dama na gurbin, na'urar ta gane ta a matsayin kwanan wata. Idan ta tsaya a hagu, saitin bai daidaita ba. Muna kuma ba da shawarar a zaɓi tsarin da ke nuna sunan watan da haruffa, a riƙa rubuta shekara da alƙalumanta huɗu cikakku.

Ɗauke wuta da adana aiki

Babu ma'aikacin da bai san takaicin a ɗauke wuta ko janareto ya mutu ana tsakiyar aiki ba. Manhajar tana ajiye kwafin ceto da kanta duk bayan minti 10. A shiga File, Options, sannan Save, a rage wannan lokaci zuwa minti 3. Duk da haka, a ba fayil suna a adana shi tun da aka buɗe, kuma hannu ya saba da danna Ctrl da S bayan kowane 'yan layuka. A ƙarshen kowane mako a kwafe muhimman fayiloli a filashi, a ajiye shi a wani wuri dabam da inda kwamfutar take.

Har ila yau, a daina adana aiki a tsohon tsarin da sunansa ke ƙarewa da xls, wanda layuka 65,536 kaɗai yake ɗauka, alhali sabon tsarin xlsx, da ya zo a 2007, yana ɗaukar 1,048,576. A watan Oktoba na 2020 hukumomin lafiya na Ingila sun gano cewa sakamakon gwajin cutar korona na mutum 15,841 bai shiga rahotonsu ba saboda tsohon tsarin ya cika. In har hakan ta faru a can, to mu ma sai mu yi hattara.

Suna ɗaya, rubutu ɗaya

Idan wani akawu ya rubuta Zuguru, wani ya rubuta Zugru, na'urar garuruwa biyu take gani, kuma jimillar buhunan takin mazaɓar za ta rabu gida biyu. A sashen Data akwai Data Validation, inda ake shigar da sunayen mazaɓu sau ɗaya, kamar Diggi, Etene da Zuguru a Kalgo, ko Dalijan, Kambaza da Malisa a Gwandu. Daga nan akawu zaɓa kawai zai riƙa yi daga jerin, kuma na'urar za ta ƙi karɓar duk rubutun da ya saɓa.

Bugu da ƙari, a ƙarƙashin Conditional Formatting akwai saitin da ke shafa launi a kan duk abin da aka maimaita. A ɗora shi a kan layin lambar BVN ko ta katin ɗan ƙasa, kada a ɗora shi a kan sunaye, domin a gari ɗaya ana samun masu suna iri ɗaya da yawa, kuma ba daidai ba ne a cire mutum saboda yana da takwara. Ta haka ake gano wanda ya shiga sau biyu, rabon wani ya tsira.

Lissafi, kallo da bugawa

Wani lokaci akan sauya adadi amma jimilla ta ƙi motsi. Dalili shi ne an mayar da lissafin na hannu, kuma fayil ɗin da aka fara buɗewa a ranar, ko da daga wani ofis ya zo, shi ke ɗora wa sauran nasa saitin. A duba Formulas, Calculation Options, a tabbatar yana kan Automatic kafin a sa hannu a kowace takardar biyan kuɗi.

Idan jeri ya yi tsawo, a yi amfani da Freeze Panes domin layin kanun ya tsaya a sama, kada a zuba adadin buhuna a gurbin girman gona. Wajen bugawa kuma, a sauya girman takarda daga Letter zuwa A4, wadda ita ake sayarwa a kasuwanninmu, a kuma sa kanun su maimaitu a kowane shafi ta hanyar Print Titles, domin jerin da za a liƙa a ƙofar fadar uban ƙasa ya karantu. Bayan an kammala waɗannan gyare-gyare, a adana fayil ɗin ba komai a cikinsa a matsayin samfuri, a raba wa dukkan sassa, kowa ya yi aiki da tsari ɗaya. Ofishin da ba shi da Excel yana iya amfani da LibreOffice Calc, wadda kyauta ce, kuma tana da kwatankwacin waɗannan saituna.

Amanar bayanan jama'a

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin kiyaye su. Saboda haka fayil mai ɗauke da lambobin asusu a kulle shi da kalmar sirri ta hanyar File, Info, Protect Workbook. A rubuta kalmar a ajiye wurin shugaban sashe, domin idan aka manta da ita fayil ɗin ba zai buɗu ba. Kada kuma a liƙa lambar BVN ko ta asusun kowa a bango.

Kira ga jama'a

Ga 'yan'uwanmu manoma, da mata masu sana'a, da tsofaffin ma'aikata, duk lokacin da aka ɗauki sunanku kuna da haƙƙin ku nemi a karanta muku abin da aka shigar. Ku tabbatar lambar wayarku ta cika 11 da sifirinta, ta asusu ta cika 10, kuma an ambaci watan haihuwarku da sunansa. Wanda bai iya karatun boko ba ya zo da ɗansa ko wani amintacce. Babu wata rajista da ke buƙatar lambar sirri ta katin cirar kuɗi, kada ku ba kowa ita.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin sassa a ƙananan hukumomin Kalgo da Gwandu da su ware lokaci su duba kowace kwamfuta da ke ƙarƙashinsu kafin a fara rajistar noman rani ko ta damina mai zuwa. Aiki ne da bai wuce rabin sa'a ba a kowace na'ura, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.